Wane Ne Ɗan Kallo?

"Tsaya! Kar ka saki tantabarar nan!"

Saurayin ya juyo a firgice, tsuntsuwar na hannunsa da 'yar takarda ɗaure a ƙafarta. Elsie Trengove ta tsare shi da ido a bayan rumfar masu kallo.

Tun farkon kakar wasa take neman sanin wane ne "Ɗan Kallo", mai rubuta labarin ƙwallo a jarida. Duk Asabar sai ya yi wa ƙungiyar mahaifinta wankin babban bargo, kuma labarin kan isa gidan jarida kafin 'yan wasa su wanke taɓon ƙafarsu. Yau dai ta gano inda tantabarun da ke kai labarin suke tashi.

"Ashe kai ne, Silas Penhale! Kai ka ce 'yan wasanmu na gudu kamar masu dakon tagulla?"

"Ƙarya na yi?"

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata.

"To tunda ba mu iya ba, me ya sa ba ka fashin wasanmu?"

"Ba wasan kaɗai nake zuwa kallo ba..."

Ta sunkuyar da kai.

Daga ranar, bayan rumfar ya zama mahaɗarsu. Ita ba ta gajiya da tambayar yadda tantabara ke gane gida. Shi kuma ya sa ta ba shi labarin yadda mahaifinta da abokansa mahaƙa tagulla suka tumɓuke kututturai a makiyayar tumaki suka mai da ita fili, da yadda mahaifiyarta ta ɗinka rigunan farko da buhun fulawa.

Horace Bray, kyaftin ɗin ƙungiyar, ya daɗe yana son Elsie ba ta kula shi. Da ya hango su, sai ya kai wa mahaifinta tsegumi.

"Mai ci mana mutunci a jarida?" Mista Trengove ya buga tebur. "Ba dai 'yata ba!"

"Baba, ka saurare ni..."

"Na gama magana!"

Ta yi kuka har idanunta suka kumbura.

Ana haka aka kara da ƙungiyar 'yan tashar jiragen ruwa, wadda mai jaridar ke goya wa baya. Dab da tashi mahaƙa suka zura ƙwallo, alƙalin wasa ya hana, aka cinye su. Mai jaridar ya ce a rubuta cewa ƙwallon waje ta yi. Silas ya miƙa wa masu buga jarida abin da idonsa ya gani.

Washegari aka kore shi daga aiki.

Elsie ta same shi yana haɗa kaya, zai tafi birnin Adelaide neman aiki.

"Haba masoyina! Me ya sa ka yi wa kanka haka?"

"Ƙwallon ta shiga, Elsie."

"In ka tafi Adelaide, ƙafata ƙafarka!"

Gyaran murya suka ji a bakin ƙofa. Mista Trengove ne tsaye da jaridar a hannu, ashe ya biyo bayanta.

"Yaro, bakinka ba daɗi," ya ce a hankali, "amma ba ka ƙarya. Ni kuwa 'yar nan ita kaɗai gare ni. Ajiye akwatin nan."

"Baba!" Ta rungume shi, hawaye na zuba.

"To, to, ya isa. Ku je ku ga fasto ku sa rana." Ya juya zai fita, sai ya waiwayo. "Amma ban da Asabar. Akwai wasa."