Masunci da Dagi

Habi na tankaɗen garin dawa a tsakar gida ta ji tsayawar babur a ƙofa. Yayanta Amiru ne daga Burkusuma. Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba ya ce ta haɗa kayanta, Inna ta ce a koma da ita gida.

Ta san dalili. Shekara biyu ke nan damina ba ta yi ba, tafkin bayan gari ya ƙafe har ƙasarsa ta tsattsage. Mijinta Labbo, wanda ya shekara talatin yana su, ya rataye tarunsa, amma kullum da safe sai ya saɓi dagin haƙa ya nufi tafkin. Mata masu itace sun ce suna hango shi a duƙe yana leƙen ƙasa yana murmushi shi kaɗai. Wasu suka ce aljanun ruwa ne suka taɓa shi, wasu suka ce sata yake yi, in ba haka ba ina yake samun geron da yake shigowa da shi ran kasuwar Isa? In ta tambaye shi, sai ya ce Allah ne ya ba shi.

"Yaya, bai taɓa barina da yunwa ba," in ji ta.

"Ran da ya ɗaga dagin nan bisa kanki, mi za ni ce ma Inna?"

Ta fashe da kuka, don ita kanta ta rasa wanda za ta gaskata. Da ƙyar ta shawo kan Amiru ya kai ta tafkin tukuna.

Suka iske shi a tsakiyar fako. Amiru ya kashe babur ya ce, "Sarkin ruwa, ina jirgin? Ko ya nutse?"

Habi ta share hawaye. "Malam, an zo tahiya da ni. In kana da magana ka hwaɗe ta yanzu, kaina ya ɗaure."

Labbo ya yafito su da hannu. Sannan ya nuna musu wani ɗan rami da bai fi kaurin yatsa ba, ya haƙa a hankali, ya ɗago dunƙulen laka ya fasa. Sai ga kifin nan gaiwa a naɗe, da ranta, tana motsi.

Ya ce haka gaiwa take binne kanta ta jira ruwa, ta wannan ramin take numfashi. A bayan wani kurmi yake bandar ta ya kai Isa ya sayar, ya sayo gero. Cikin ramuka uku kuwa ɗaya yake haƙawa, ya bar biyu. Shi ya sa ya ɓoye, don in gari ya ji, mako guda ya isa a tone tafkin kaf, ruwa ya dawo ya iske babu iri.

"To ni ce gari?" in ji Habi.

Ya sunkuyar da kai. "Na yi kuskure, Habi. Tsoron rasa kifi ya kusa sa in rasa ki."

Amiru ya sosa ƙeya, ya ce zai gaya wa Inna surukinta lafiyarsa ƙalau, ba zai ƙara ko kalma ba. Shi kaɗai ya koma Burkusuma.

Haƙurin Habi da bincikenta ne suka tsare aurenta daga zancen gari. Shi ma Labbo ya gane cewa sirrin da ya ɓoye wa duniya bai kamata ya ɓoye wa matar da ke wahala tare da shi ba.