Jiyan Jikar Mai Daddawa

A wani ƙauye, can da daɗewa, an yi wata yarinya da ke zaune da kakarta mai yin daddawa. Kullum 'yan ajinsu sai su toshe hanci in ta wuce.

Ran nan malama ta koya musu yadda ake faɗin abin da ya wuce da Turanci, ta ce kowa ya rubuto abin da ya yi jiya.

To, ita jiya kalwa ta wanke, ta daka, ta shanya. Kunya ta hana ta rubuta haka. Sai ta rubuta wai ta je birni a mota, ta sha alewa.

Kaka ba ta iya karatu ba, amma tana son jin muryar jikarta. Ta ce, "Ƙawata, karanta mini, ki fassara."

Yarinya ta karanta, ta fassara. Kaka ta ce, "Ikon Allah! To wace ce ta karɓi taɓarya jiya da hannuna ya gaji? Ina so in sa mata albarka, ga shi ba ta cikin takardar."

Idon yarinya ya cika da ƙwalla. Ta goge, ta sake rubutawa: "I washed. I pounded. I helped my grandmother." Ta ce, "Iya, saurara: na wanke, na daka, na taimaki kakata."

Kaka ta ce, "Nuna mini inda nake."

Yarinya ta kama yatsan kaka, ta ɗora a kan kalmar ƙarshe. Yatsan ya bar tabon daddawa a wurin.

Washegari ta miƙa wa malama takardar a gaban kowa. Tabon nan kuwa ba ta goge shi ba.