Gora Mai Jan Ƙyalle

Duk wanda ya san Mudassiru kafin ya shiga gwamnati zai shaida ba mugu ba ne. Gajiya da jira ce ta kai shi inda ya je.

Injiniyancin man fetur ya karanta, ya fito da sakamako mai kyau, amma ya dawo Bunkure ya shekara bakwai yana ban ruwan albasa a gonar marigayi mahaifinsa. Abokan karatunsa sun watse Abuja da Fatakwal, sun daina ɗaukar wayarsa. Sau uku hukumar da ke sa ido kan bututun iskar gas tana ɗaukar ma'aikata, sau uku sunansa bai fito ba. A karo na huɗu wani mai injin casar shinkafa a Kura, Sammani, ya yi masa kwatancen wata tsohuwa, Tambaya.

Ranar Juma'a ya je, lokacin da kowa yana masallaci. Bukkarta tana can ƙarshen kanal, inda ruwan noman rani ba ya kaiwa. Rana tsaka, amma cikinta duhu ƙirin. Goruna ne rataye a rufi, an toshe bakin kowanne da jan ƙyalle, suna lilo alhali ko ganye ba ya motsi a waje.

"Kujera kake so," in ji ta.

"Ita, Iya. Karatunta na yi."

"Mutum nawa ne a gidanka?"

"Uku. Innata, matata da 'yata."

Ta miƙo masa gora. "Hura sau uku."

Ya riƙe goran. "Me za a karɓa a wurina?"

"A wurinka? Ko kaza ba na so."

Ya ji yadda ta ja kalmar nan, ya kuma gane akwai tambayar da ta saura. Bai yi ta ba. Ya hura, ta toshe, ta rataye.

Kafin a cire albasa takardarsa ta ɗaukar aiki ta fito. Aka ba shi duba bututu, sa hannunsa ya zama abin da kamfanoni ke bi da fadanci. Ya gina gidan bene a Kura. Makon da suka tare, Inna Talatu ta yi sujadar la'asar ba ta ɗago ba. Mutane suka ce kyakkyawan ƙarshe.

Bayan shekara biyu aka ƙara masa girma. Yana karɓar barka a ofis aka bugo waya: 'yarsa Rufaida, 'yar shekara shida, tana wasa a tsakar gida numfashinta ya ɗauke. Likita bai ga komai ba.

Daga nan matarsa Raliya ta fara cewa tana jin warin gas. Ta sa aka fitar da tukunyar girki, ta ɓalle tagogi, ta daina shiga ɗaki. Wata rana ta kalle shi da idon da bai sani ba.

"Baban Rufaida, wa ka ba numfashinmu?"

Yayunta suka zo suka tafi da ita a ɗaure. Ba ta kai damina ba.

Ya koma wurin Tambaya yana kuka, ya ce a karɓi kujerar a dawo masa da ko da mutum ɗaya.

"Ban taɓa ganin numfashin da ya fita ya koma ba," in ji ta. "Kuma ban yi maka ƙarya ba. Kai lafiyarka ƙalau."

Lafiyar tasa ƙalau har yau. Aikin ya tafi, don an same shi yana sa hannu a kan bututun da bai je ya duba ba. Gidan yana nan, ɗaki goma sha ɗaya, shi kaɗai a ciki. In ya aika da abinci maƙwabta, karnuka ake zuba wa. In ya shiga sahu, sai a bar gurbi dama da hagunsa. Da yamma yakan zauna a bakin ƙofa yana gaida masu dawowa daga gona, ba wanda yake tsayawa.

Kai da jira ya ishe ka, ka ji tsoron Allah. Abin da Ya jinkirta maka bai hana ka ba. Boka kuwa ba ya kyauta. Ranar da ya ce ba ya son komai naka, tashi ka gudu, ka je ka rungumi iyalinka.