Ginshiƙan Dogon Bene

"Ba zan sa hannu ba, Kawu!"

Auta ta ture takardar. Kawu ya zare tabarau yana kallonta kamar yau ya fara ganinta.

"Ni na raine ki har kika zama injiniya, yau ni kike gaya wa haka?"

"Allah ya huci zuciyarka, Kawu. Sati uku ina auna ginin nan, ginshiƙi bayan ginshiƙi. Garau yake! Ta yaya zan rubuta zai rufta?"

A kan Dogon Bene ake rigimar, tsohon ginin ofisoshi na tsakiyar gari, hawa huɗu, shekara tamanin yana tsaye. Kamfanin Kawu ne ya samu kwangilar rushe shi a gina kanti. Jibi kwamitin adana kayan tarihi zai zauna, kuma rahoton Auta ne zai raba gardama.

"Na san mai hure miki kunne," in ji Kawu. "Wancan mai hoton na hawa na biyu! To ko gaisuwarsa ba zan amsa ba, balle zancen aure."

Ta fito idanu jajur, ta nufi Dogon Bene.

A matattakalarsa suka fara haɗuwa da Mai Hoto. Ta shigo da hular kwano da gudumar gwaji, shi kuwa siriri kamar sillen kara ya tare hanya.

"Malama, in rusau kika zo yi, fara da ni."

"Kai ai ba sai da guduma ba, iska ma ta ishe ka."

Dariya ta ƙwace masa, tun daga ranar ya zama mai riƙe mata igiyar awo.

Amma yau da ta same shi, ko ɗagowa bai yi ba. Takarda ya miƙo mata, kwafin rahoton ƙaryar nan, da sunanta ɓaro-ɓaro a ƙasa.

"Wa ya ba ka wannan?"

"Sakatariyar lauyan Kawunki. Ta ce tausayina take ji."

Auta ta yi murmushin takaici. Duk ginin an san sakatariyar ta daɗe tana mutuwar sonsa.

"Ka ga sa hannuna a ciki?"

Ya duba. Wajen sa hannu babu komai.

"Masoyiyata, ni dai..."

"Kar ka kira ni haka! Na ɓata da wanda ya raine ni, na zo nan kai ma ka yanke min hukunci?" Ta share hawaye da bakin mayafi. "To ka ji, ba don kai nake yi ba. Ko ka so ni ko ka ƙi ni, ba za a rushe ginin nan da ƙaryata ba!"

Ranar zama ɗakin ya cika maƙil: masu buga takardu, tsofaffin akawu, mai gyaran agogon ƙasan bene. Kawu na sahun gaba. Auta ta miƙe.

"Rufin yana yoyo. Matattakalar gabas ta tsage."

'Yan haya suka hau salati. Mai Hoto ya runtse ido.

"Amma ginshiƙai talatin da biyu na gwada, babu ko ɗaya da ya gaji. In an gyara rufin, ginin nan zai ga jikokin jikokinmu. Wannan ne rahotona, kuma shi kaɗai na sa wa hannu."

Kafin azahar kwamiti ya sa Dogon Bene cikin gine-ginen tarihi. Kawu ya kaɗa riga ya fice.

A bakin ƙofa Mai Hoto ya tare ta.

"Ki yafe ni, hasken idona... na yi wauta."

"Ka yi kam. Sai ka yi ta biko."

Ya yi ta yi kuwa.

Wata biyu Kawu ba ya amsa gaisuwarta, ita kuma ba ta fasa durƙusawa kowace safiya ba. Ran nan suna saman bene da Mai Hoto suna auna inda ke yoyo, sai suka ji haki a matattakala.

Kawu ne!

Bai kalle su ba. Ya tsuguna, ya shafa ginin da tafin hannu, ya daɗe. Da aikin birkila ya fara kafin ya zama ɗan kwangila.

"Kai, mutanen zamanin da sun iya aiki..." ya faɗa a hankali. Sai ya ɗaure fuska. "Wa aka ba gyaran?"

"Ba a samu wanda ya iya ba, Kawu."

"Kar a kawo min 'yan koyo su ɓata shi. Litinin zan turo ma'aikata."

Ya juyo kan Mai Hoto, wanda tuni ya zube yana gaisuwa.

"Lafiya lau. Kai kuma ba ka da manya ne, kullum sai dai ka riƙe mata awo?"

"Ina da su, Baba!"

"To su same ni gida."

Auta ta ja hular kwano ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ita kanta ba ta san kuka take ko dariya ba.