Mayar Min Da Ita Yadda Take

Rana ta yi ja, mai gyaran kwamfuta yana tattara sukundirebobinsa zai rufe shago, sai wata tsohuwa ta dire masa kwamfutar hannu a tebur.

"Ɗan nan, mayar min da ita yadda take a da."

Aikin da ya saba ne. Ya nuna mata benci, ya kunna, ya shiga wurin da ake mayar da kwamfuta baya, ya danna. Layin da ke nuna tafiyar aikin ya fara cika, ya kai rabi, ya cije. Ya sake, ta ƙi. Ya soka filashinsa na gyara, ko ganinsa ba ta yi ba.

"Baba, wannan fa sai an goge ta kakaf."

"Sake dai," ta ce ƙasa-ƙasa.

Ya sake. Wannan karon layin ya wuce rabi. Fankar ciki ta yi tsit, amma iska na fitowa, mai sanyi, mai warin tsohuwar rijiya. Ta fito, ta koma. Kamar numfashi.

Fentin da ya yi wa bango bara ya soma dushewa. Tabon ƙunar da ke yatsansa ya ɓace yana kallo.

Wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce, tana kuka.

"Maigida, yarinyar nan tana cikin gudu ta faɗi. Ta kasa tsayuwa. Wallahi rigarta ta yi mata yawa!"

Layin na cika.

Ya danne maɓallin kashewa. Ta ƙi mutuwa. Ya kifa ta zai cire batir.

Babu batir a ciki.

"Saura kaɗan," aka raɗa masa a bayan kunne. Bai ji tasowar tsohuwar ba.

Ya kama a'uziyya, ya ɗaga kwamfutar ya maka ta da ƙasa. Wani abu ya yi ƙara, ba ƙarar ƙarfe ba.

Benci wayam.

Ko ƙofa bai rufe ba ya ruga gida. Ya tarar da 'yarsa, wadda ta iya kiransa Abba, kwance a cinyar uwarta tana wutsil-wutsil da ƙafa, bakinta ba haƙori ko ɗaya.

Haka suka sake koya mata zama da rarrafe. Sa'o'inta suka shiga makaranta tana tatata. Tana girma lafiya. Amma kullum da magariba sai ya tsayar da ita jikin ƙofa ya auna tsawonta, ya ga ko ta ragu.