Kundin Yayana

"Sauke bidiyon nan!"

Ko sallama ban yi ba na faɗa cikin shagon. Mai Faifai, dattijon da ke da wurin, yana kan tsani yana jera kaya, sai da ya dafe kanta don kada ya faɗo. Alƙali kuwa yana zaune a kujerarsa ta kullum kusa da babbar sifika, abin sauraro rataye a wuyansa. Ya ɗago yana murmushi kamar bai san ɓarnar da ya yi ba.

"Rabin raina, lafiya kika shigo kamar an biyo ki?"

"Kada ka ƙara kirana da sunan nan! Na ce ka sauke shi, yanzu-yanzu!"

Ba alƙalin kotu ba ne, malamin lissafi ne a wata sakandare. Mu 'yan zaman Asabar muka laƙaba masa sunan. Duk Asabar da yamma mukan haɗu a bayan shagon Mai Faifai, kowa ya zo da kundin waƙoƙin da ya burge shi, a saurara tare, sannan a yi sharhi. Akwai Tela, wanda a wurinsa duk waƙar da aka yi bayan an haife shi hayaniya ce. Akwai Nas, wadda ko sarewa aka busa sai ta nemi hankici. Sai ni, da nake tasowa daga kantin maganin da nake aiki, ko farar rigar ban cire ba. Kowa zai faɗi nasa, amma sai Alƙali ya yi magana ake tashi.

Da faɗa muka fara ni da shi. Ranar da na fara zuwa na kawo kundin wata mawaƙiya da nake mutuwar so, ya saurara ya ce zaƙinsa ya yi yawa, in riƙa haɗa wa mutane da maganin ciwon sukari. Na ce masa kunnensa ne ya tsufa kafin shi. Sati na zagayowa ya miƙo mini kundin wani makaɗin gita, ya ce in na kai waƙar ƙarshe ban yi shiru ba, ya yarda kunnensa ya mutu. Na kai, na yi shirun. Daga nan ban san lokacin da zuciyata ta koma hannunsa ba.

Sai ga kundin Yayana ya fito. Yaya mawaƙi ne, kuma wannan kundin don tunawa da Babanmu ya yi shi, Allah ya jiƙansa. Gidajen rediyo suka ɗauka, masu sharhi suka yi ta yabo, har lambar yabo aka ba shi. Asabar ɗin da ta wuce aiki ya riƙe ni, ashe Nas ta kawo kundin zaman, Tela ya ɗauki sharhin Alƙali a waya, shi kuma Alƙali ya ɗora a shafinsa. Kafin ka ce me, ya zagaye ko'ina.

"Me na faɗa da zafi?" ya ce yana gyara zama. "Na yabi kiɗan, na yabi muryar."

"Ka ce kundin kamar gidan da aka yi wa fenti aka zuba kujeru ne, amma babu mai kwana a ciki!"

"To ai haka yake."

"Yayana ne fa!"

"Na sani. Shi ya sa na sassauta."

"Sassautawar ke nan? Gobe fa za ka zo gidanmu ka gaida Mama! Kuma ka san tunda Baba ya rasu, maganata a hannun Yaya take!"

Ya cire abin sauraron ya ajiye a hankali.

"Abar ƙaunata, kin san ni. Ba na ƙarya a kan waƙa. In na sauke shi yau, gobe wa zai ƙara yarda da bakina?"

"Bakinka ya fi ni ke nan?"

"Ban ce ba..."

"Ka ce mana!"

Mai Faifai ya sauko daga tsanin yana cewa mu yi haƙuri, kwastomomi na kallo. Na juya na fita, idona ya cika taf, ban bari Alƙali ya gani ba.

A gida na tarar da Yaya a falo, wayarsa a hannu, muryar Alƙali na tashi daga ciki. Mama na gefe tana ninke wanki, ba ta ɗago ba.

"Auta," in ji Yaya, "wannan ne mutumin naki?"

"Yaya, don Allah, ba da wata manufa ya..."

"Tambayarki na yi."

"Shi ne."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Masana sun saurara sun tafa, malamin lissafi ya ce gidan babu kowa. To madalla. Ki ce masa ya zo goben, kada ya fasa. Ina so ya maimaita a gabana."

"Kai dai ka bi a hankali," Mama ta ce. "Baƙo ne."

"Ai karrama shi zan yi, Mama."

Na kira Alƙali na roƙe shi, na ce ko me Yaya ya faɗa ya ce masa ya yi haƙuri kawai. Ya ce, "Saboda ke zan haɗiye komai, zuciyata. Na yi miki alkawari."

Washegari da la'asar ya zo, cikin shiga mai kyau, ya durƙusa ya gaida Mama. Ta amsa da fara'a, ta sa na kawo lemo. Har na fara sakin jiki, sai Yaya ya fito daga ɗaki. Bai ba shi hannu ba. Ya wuce kai tsaye ya kunna kundin, ya ƙure sauti, ya zauna ya harɗe ƙafa.

"Bismilla, Alƙali. Ga gidan, ga mai gidan. Nuna mini inda babu kowa."

"Yaya, ni gaisuwa na zo. In maganata ta ɓata maka rai, ka yi haƙuri."

"Ni ba yayanka ba ne. Ka taɓa riƙe gita?"

"A'a."

"Ka taɓa rubuta ko baiti ɗaya?"

"A'a."

"To da me kake yanke wa mutane hukunci? Da alli?"

Na ga jijiyar goshin Alƙali ta motsa. Na kafe shi da ido ina roƙonsa, ya kau da kai.

"Kunne ne da ni," ya ce, "kuma don masu kunne kake waƙa."

"Kunne! Jaki ma ai yana da shi, har ya fi naka tsawo!"

"Kai!" Mama ta daka masa tsawa. Yaya bai ko waiga ba.

"Irinku na san ku. Kun kasa yin komai, sai ku zauna a bayan shago kuna yayyaga na waɗanda suka yi, don a san da ku. Yanzu kuma ka lallaɓo ta wurin ƙanwata, ka samu na shiga gidan masu suna!"

A daidai lokacin waƙar Baba ta shigo. Ita ce wadda kowa ke magana a kai, inda Yaya ke cewa yana riƙe da hannun mahaifinsa har hannun ya yi sanyi. Yaya ya nuna sifikar da yatsa.

"Wannan ma babu kowa a ciki? Ubana ne a ciki! Faɗi mana, in kai namiji ne!"

Alƙali ya ajiye kofin lemon. Tun kafin ya buɗe baki gabana ya faɗi.

"Mahaifinka yana ciki," ya ce. "Kai ne ba ka ciki. Wane hannu ka riƙe? Kana sitidiyo ranar. An kira ka daga asibiti, ka ce bari ka ƙarasa ɗaukar murya. Kafin ka iso an rufe masa fuska."

Waƙar ta ci gaba da tafiya a falon.

Babu wanda ya san wannan maganar a duniya sai ni da Mama da Yaya. Ko a tsakaninmu ba a taɓa tayar da ita ba. Ni na faɗa wa Alƙali, wata rana da kewar Baba ta taso mini ina kuka a motarsa, yana share mini hawaye yana cewa in fitar da duk abin da ke raina.

Yaya bai kalle shi ba. Ni ya kalla. Na so a ce ihu ya yi, ko ya mare ni.

"Auta..." ya ce, muryarsa can ƙasa. Ya tashi ya kashe waƙar, ya ɗauki makullin mota ya fita.

Mama ta miƙe ta dubi Alƙali.

"Yaro, mun gode da gaisuwa. Ka gaida gida."

Na bi shi har bakin ƙofa, ba don rakiya ba.

"Me ka yi haka?! Me ka yi mini?!"

"Kina ji fa yana haɗa ni da jaki a gaban mahaifiyarki!"

"Sai ka ɗauki abin da na faɗa maka ina kuka ka soke shi da shi?"

"Ƙarya na yi?"

"Ba ka yi ƙarya ba! Amana na ba ka, ba hujja ba!" Sai wani abu ya faɗo mini. "Tsaya... Sharhin nan naka. Gidan da babu kowa. A kunnenka ka ji, ko a bakina?"

Ya sunkuyar da kai.

"Duka biyun," ya ce.

Na rufe ƙofar a fuskarsa, na jingina da ita na fashe da kuka.

Kwanaki suka shuɗe Yaya bai taka gidan ba, a sitidiyo yake kwana. Na kira ya ƙi ɗauka. Mama ba ta yi mini faɗa ba, amma in na shigo ɗaki sai ta samu abin yi a wani ɗakin. Wannan ya fi faɗan ciwo.

Alƙali ya zo kantinmu wata rana da rana, ya rame, ko gemu bai gyara ba. Ya jira har layi ya ƙare.

"Na goge bidiyon," ya ce. "Na bar zaman Asabar ma. Rabin raina, ba na iya cin abinci, ba na iya sauraron komai. Ki yafe mini."

Wallahi zuciyata ta karye. Saura kaɗan in zagayo kanta in ce komai ya wuce. Sai ya ƙara da cewa,

"Amma ke ma ki yi adalci, shi ya fara. Kuma abin da na faɗa a kan kundin, ko yau aka tambaye ni..."

"Ya isa."

"Ki bari in..."

"Ya isa, Alƙali! Har yanzu shari'arka kake so ka ci. To ka ci, na ba ka. Amma ni ba zan zauna da mutumin da zan riƙa tsoron yin kuka a gabansa ba."

"Kina nufin shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya daɗe a tsaye. Wata mata ta shigo da takardar likita, na karɓa ina karantawa, rubutun na rawa a idona. Da na ɗago ya tafi.

Washegari da safe, kafin in wuce aiki, na tafi sitidiyo. Na tarar da Yaya shi kaɗai a gaban na'urori, babu abin da ke kunne. Na tsaya a bakin ƙofa.

"Yaya, ka yafe mini. Ban faɗa masa don in tona ka ba. Abin ne ya yi mini nauyi, ba ni da wanda zan faɗa wa."

Bai juyo ba. Can ya ce,

"Ke kika riƙe hannun."

"Ni ce."

"Na sa a waƙa ne don haka na so ya kasance. Duk wanda ya yaba, sai in ji kamar ya watsa mini ruwan zafi." Ya juyo ya kalle ni. "Ban taɓa tambayarki ba, tsoro nake ji. Auta... ya neme ni?"

Na matso na durƙusa kusa da kujerarsa.

"Ya neme ka. Mama ta ce masa kana wurin aiki, za ta sake kira ta ce ka yi sauri. Ya girgiza kai ya ce kada ta kira. Ya ce, ‘Ku ƙyale shi ya gama. Kun san shi da gudu a mota, kada ku tayar masa da hankali a hanya.’"

Yaya ya kifa kansa a kan teburin. Tunda nake ban taɓa jin kukansa ba sai ranar, ko a wurin rasuwar bai yi ba. Na riƙe hannunsa muka yi ta yi tare, babu mai rarrashin wani.

Da ya lafa ya goge fuska da gefen riga.

"Mutumin naki fa?"

"Na sallame shi."

"Saboda ni?"

"Saboda ni."

"Kina son sa?"

"Ina son sa, Yaya..." Kukan ya dawo mini sabo.

"Ni ma na zage shi fiye da kima. In kina so in kira shi, wallahi zan kira."

Na girgiza kai. Ya dafa kaina kamar yadda yake yi ina ƙarama.

"Tashi in kai ki aiki, kin makara. In na dawo zan biya wurin Mama."

Muka fito. Hanya a buɗe take, babu cunkoso, amma motoci sai wuce mu suke yi suna danna mana oda. Yaya ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana tafiya a hankali, har muka isa.