Ramin Jira-Ni

Ƙanena ne ya tsinto sunan ramin a tsohuwar taswira: Jira-Ni. Ya ce, "Yaya, mahaƙa ne suka raɗa wannan suna. Akwai zinariya."

Ni na shiga ramin. Da magariba na ɗaura masa buhun duwatsu, ya janye har da igiyar.

"Jira ni, Yaya, yanzu zan dawo!"

Shiru. Can sai warin fitilar kananzir. Ga wani dattijo zaune gefena, gemunsa duk ƙasa.

"Ɗan'uwanka ne?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Nawa ma haka. Maganarsa ta ƙarshe ce ta zama sunan wurin nan."

Na haska shi da tocilata. Hasken ya ratsa ƙirjinsa, ya sauka a bango.

Ya ce, "Zauna, ɗana. Jiran da tsawo."